In masu auna radiyeshan suka watse, wa zai ce a tsaya?

A kowace tashar nukiliya akwai wasu ma'aikata da ba kasafai ake jin labarinsu ba. Ba su ne ke zaune a ɗakin sarrafa tukunya (zuciyar tashar, inda makamashin nukiliya ke samar da zafi) ba, kuma ba su ke fitowa gaban 'yan jarida ba. Su ne ake gani da na'ura a hannu suna bin bututu, suna goga ƙyalle a bango da daɓe su kai a gwada, suna ɗaura igiya su rataya alamar gargaɗi, suna tsayawa a bakin ƙofa su duba duk mai fita ko ya ɗebo wani abu a takalminsa. Sashen kariya daga radiyeshan ke nan. Babu mai walda ko makanike da zai shiga wuri mai haɗari sai da takardar izinin da ta bi ta hannunsu, wadda ta fayyace kayan da zai sa, da mintocin da zai yi, da adadin da in na'urar da ke ƙirjinsa ta kai, to dole ya fito.

Abin da nake so in faɗa a kansu guda ɗaya ne. Idan tasha ta kasa riƙe mutanen wannan sashe, yau an ɗauki wannan gobe wancan ya ajiye aiki, to matsalar ta fi ƙarfin ofishin kula da ma'aikata. Magana ce ta lafiyar duk wanda ke shiga tashar, kuma ya kamata hukumomin sa ido su riƙa bin diddiginta da irin nacin da suke bin lafiyar famfuna da janaretocin ko-ta-kwana.

Dokar aikin ba ta da wuyar haddacewa. Hukumar ICRP, wadda ke ba duniya shawara kan wannan fanni tun 1928, ta ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshan ɗin da jiki ya sha) a shekara in an raba a kan shekara 5, kuma kada ya haura 50 a shekara guda. Ga sauran jama'a, milisibat 1 ne. Don a gane girman abin, abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da abinci da sararin samaniya kimanin milisibat 2.4 ne a shekara in an yi matsakaici. Bayan iyakar kuma akwai ƙa'idar da ta fi ta nauyi, wato a rage radiyeshan gwargwadon iko ko da ba a kusanci iyakar ba, ta hanyar taƙaita lokaci, da nisanta jiki, da sa shinge. Ɗalibi mai ƙwazo zai haddace duk wannan cikin mako guda.

Abin da ba ya haddatuwa shi ne halin tashar kanta. A tashoshi da dama, an yi wa bakin wasu bawul, wato mabuɗan da ke buɗe bututu su rufe shi, wani ƙarfe mai tauri da ke ɗauke da sinadarin kobal. Yana gogewa a hankali, ruwa ya kwashi garinsa ya ratsa da shi cikin tukunya, can ya rikiɗe ya zama kobal-60, sannan ya fito ya kwanta inda ya samu: gwiwar bututu, gindin tanki, magudanar da ruwa ba ya gudu sosai. Sai ya yi shekara 5 da 'yan watanni kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Tashoshi biyu da kamfani ɗaya ya gina da zane ɗaya ba sa tara wannan datti a wuri ɗaya, domin tarihin gyaransu da yanayin ruwansu ba ɗaya ba ne. Ranar da aka kashe tukunya kuma, sinadaran ruwan na canjawa, dattin da ya manne ya saki, lungun da jiya ba komai a cikinsa ya yi zafi na wasu sa'o'i. Taswirar awo za ta nuna lambar da aka samu ranar da aka auna. Ba za ta gaya wa baƙo cewa wannan lungun yakan tashi ne bayan an buɗe wancan bawul ɗin ba, ko cewa masu gyaran famfon can sukan jingina da bututun da ke bayansu ba tare da sun lura ba. Wannan sani yana cikin kan mutumin da ya ga abin sau uku ko huɗu da idonsa. In ya tafi, ya tafi da shi.

Kuma sanin ba ya taruwa da sauri, saboda tashar ba ta buɗe cikinta kullum. Tashoshi da yawa sai bayan wata 18 ko 24 ake rufe su don sauya makamashi da yin babban garambawul, kuma a cikin waɗannan 'yan makonni ne ake kwasar mafi yawan radiyeshan ɗin da ma'aikata ke samu. A Amurka, ƙa'idar da tashoshi ke bi ta tanadi shekara 2 zuwa 3 na aiki kafin a amince wa mutum ya zama babban jami'in awo mai kula da aiki shi kaɗai. A shekara ukun nan, garambawul biyu kacal ya gani. Akwai kuma ayyukan da sai a yi shekara goma ba a maimaita ba, kamar sauya manyan tukwanen tururi, ko saukar da mai ninƙaya cikin tafkin ajiyar makamashin da aka gama amfani da shi. Tashar da ke rasa mutanenta a shekara ta huɗu ko ta biyar tana horar da ma'aikata ne don amfanin wasu, ita kuma kullum tana tunkarar manyan ayyukanta da waɗanda ba su taɓa gani ba.

Amma abin da ya fi damuna ba ilimin ba ne. Ikon cewa a tsaya ne. A takarda, kowane jami'in kariya, komai ƙanƙantarsa, yana da ikon dakatar da aiki in ya ga abin da bai gamsu da shi ba. A zahiri, a duba yanayin da ake amfani da wannan iko. Ƙarfe uku na dare ne, aikin ya riga ya makara, kowace rana da tukunya ke kashe asarar kuɗi ce mai yawa, ga shugaban masu gyara da ya shekara ashirin da biyar a wurin yana cewa minti biyar ya rage su gama. Matashin da ya zo wata takwas da suka wuce zai iya kallon idonsa ya ce kowa ya fito? Wani zai iya. Amma bai kamata a jingina lafiyar mutane a kan jarumtar da ba kowa ke da ita ba. Wanda ya daɗe, aka san shi, aka taɓa ganin gaskiyar maganarsa, ba ya bukatar ɗaga murya. Haka nan ta ɗaya ɓangaren: ma'aikacin da safar hannunsa ta yage, ko ya ɗaga takunkumin fuskarsa don zafi ya ishe shi, zai faɗa wa jami'in da ya sani kuma ya yarda ba zai tozarta shi ba. In baƙuwar fuska ce, sai ya yi shiru ya tafi gida da abin da ya ɗebo.

Abin da ya faru a tashar Fukushima ta Japan ranar 24 ga Maris, 2011 yana nuna yadda abin yake in babu mai wannan murya a kusa. Ma'aikata uku suna jan waya a ƙarƙashin ginin injin tukunya ta 3, suka taka ruwan da ya taru a ƙasa. Na'urorinsu sun yi ƙara, amma suka ci gaba da aiki, don awon da aka yi a wurin kwana ɗaya kafin nan ya nuna babu wani abin tsoro, sai suka ɗauka na'urorin ne suka samu matsala. Biyu daga cikinsu ruwan ya shiga takalmansu, aka kai su asibiti. Ba ina cewa ficewar ma'aikata ce ta jawo wannan ba. Girgizar ƙasa da igiyar ruwa sun riga sun wargaza komai, har na'urorin awo na jiki suka yi ƙaranci, aka yi kwanaki mutum ɗaya ne ke ɗaura wa ayari guda. Darasin da nake ɗauka shi ne, na'ura tana iya ƙara a yi biris da ita, kuma awon jiya ba ya kare mutum yau. Sai an samu mutumin da aikinsa ke nan, wanda kuma ake jin maganarsa.

To me ke korar su? Na farko a bayyane yake. A tashoshi da yawa, hanyar samun babban albashi da muƙami ta ɗakin sarrafa tukunya take bi, don haka jami'in awo mai ƙwazo yakan gane da wuri cewa in yana son ci gaba, sai ya bar sashensa. Tashar ba ta rasa shi ba, amma sashen ya rasa shi, kuma shugabanni kan ƙirga wannan a matsayin nasara. Waɗanda ba su koma can ba, ƙofofi a buɗe suke a waje: asibitocin da ke gashin ciwon daji, cibiyoyin bincike, ayyukan kwance tsofaffin tashoshi, har da ita kanta hukumar sa ido. A wurare da yawa cikin waɗannan, aikin rana ne, mutum ya kwana a gidansa, kuma cikin gari suke, alhali tashar nukiliya galibi nesa da manyan birane ake gina ta. A lokacin garambawul kuwa, dutin sa'a 12 kwana shida a jere abu ne da aka saba. Dokar Amurka ta hana wasu rukunin ma'aikata wuce sa'a 72 cikin kwana 7, kuma wanda ya ga irin wannan iyaka ya san yadda makonnin suke. Idan sashen ya rasa mutum biyu, dutinsu kan sauran yake faɗawa, su gaji, wani ma ya ajiye. Haka ramin ke ƙara faɗi da kansa.

Akwai kuma ciwon da ba a rubuta shi a takardar ajiye aiki. Nasarar wannan sashe ba ta ganuwa. In sun yi aikinsu da kyau, babu abin da ya faru, kuma ba a yi wa mutum biki don babu abin da ya faru. Abin da ake gani shi ne jinkirin da suka jawo. Tun farkon shekarun 1980 zuwa yau, jimillar radiyeshan da ma'aikatan kowace tukunya ke samu ta ragu ninki-ba-ninki, albarkacin gyaran sinadaran ruwa, da kyakkyawan shiri kafin aiki, da musayar darussa tsakanin tashoshi ta hanyar tsare-tsare irin ISOE da aka kafa a 1992. Wannan abin alfahari ne. Sai dai shi ne kuma ke sa mai lissafin kuɗi ya dubi alƙaluman ya ce ai matsalar ta kau, sashen ya yi yawa. Ya manta cewa alƙaluman sun sauko ne saboda mutanen da yake shirin ragewa.

Siyasa ma ta ba da tata gudummawar. Waɗanda aka ɗauka lokacin da ake ta gine-gine a shekarun 1970 da 1980 sun yi ritaya ko suna bakin yi. Bayan hatsarin tashar Three Mile Island ta Amurka a 1979 da na tashar Chernobyl ta Ukraine a 1986, ƙasashe da dama sun ja baya da gini, ɗaukar sabbin ma'aikata ya ragu, aka bar giɓi a tsakiya: ga dattawa ga yara, babu masu matsakaicin shekaru da za su karɓi ragama. A 2015 majalisar NCRP, mai ba Amurka shawara kan kariya daga radiyeshan, ta fitar da sanarwa musamman tana jan kunne kan ƙarancin ƙwararrun wannan fanni. Jamus ta kashe tashoshinta uku na ƙarshe a watan Afrilun 2023. A Amurka an rufe tashar Indian Point a 2021, an rufe ta Palisades a 2022, sannan daga baya aka fara aikin farfaɗo da Palisades ɗin, haka ma tukunya ta 1 a Three Mile Island da aka rufe a 2019. Ana iya sake kunna tukunya. Ayarin mutanen da suka watse, suka sayar da gidajensu, suka sa 'ya'yansu a makarantun wasu garuruwa, ba ya dawowa da sa hannu a takarda. Kuma matashin da ke zaɓar sana'a yana kallon duk wannan kai-komo.

Sai batun 'yan kwangila, wanda a ganina nan ne rashin adalcin ya fi yawa. Babu tashar da ke da isassun jami'an awo na dindindin da za su ɗauki nauyin garambawul, don haka ake hayar na wucin gadi. A Amurka sukan bi tashoshi daga Maris zuwa Mayu, da kuma Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da bukatar lantarki ke raguwa, sauran watannin kuma kowa ya nemi abin yi. A Faransa, mafi yawan aikin gyara 'yan kwangila ke yi, kuma su ke kwasar kaso mafi girma na radiyeshan. Cikinsu akwai ƙwararru na gaske, waɗanda suka ga tashoshi fiye da kowane ma'aikacin dindindin. Amma wa zai daɗe a sana'ar da ke raba shi da iyalinsa wata da watanni, sannan ta bar shi ba albashi? Ga wani haɗarin kuma: in abincin mutum ya dogara da kada na'urarsa ta cika, an ba shi dalilin ɓoye gaskiya. A 2012 ta bayyana cewa wani ɗan kwangila a Fukushima ya sa ma'aikatansa rufe na'urorinsu da dalma don lambar ta yi ƙasa. Irin wannan ha'inci, wanda ke iya gano shi shi ne jami'in da ya san abin da wurin ya saba nunawa, ya ga lambar ta yi ƙasa fiye da kima, ya tsaya ya tambaya.

Akwai masu cewa daɗewa ma tana da nata sharrin, kuma gaskiyarsu ne. Sabo turken wawa. A watan Maris na 2002, a tashar Davis-Besse da ke jihar Ohio, an gano cewa sinadarin borik da ke yoyo ya cinye murfin tukunyar har ya yi rami, abin da ya rage yana riƙe da ruwa mai tsananin matsi bai wuce kimanin santimita 1 na ƙarfe ba. Shekaru kafin nan, matatun na'urorin da ke auna radiyeshan a iskar ginin sun riƙa toshewa da tsatsa da garin borik, har canjin da ake yi jefi-jefi ya koma kusan kullum. Aka riƙa canjawa ana ci gaba da aiki. Alama ce ƙarara, amma ido ya saba da ita. Saboda haka ban ce a rufe ƙofa kada kowa ya shiga ko ya fita ba. Sashe na bukatar sabon ido da zai tambayi abin da tsofaffi suka daina tambaya, kuma dalilin da ya sa WANO, ƙungiyar masu gudanar da tashoshin nukiliya ta duniya da aka kafa a 1989, ke tura ma'aikatan wata tasha su binciki wata ke nan. Sai dai sabon ido yana da amfani ne in akwai tsohon da zai gaya masa yadda abin yake a da. Wanda bai san cewa matatar nan wata guda take yi ba, ba zai ga abin mamaki ba in an ce ya canja ta kullum.

Masu cewa na'urori za su maye gurbin mutane kuwa, rabin gaskiya suka faɗa. Kyamarori da na'urorin da ke aika awo kai tsaye zuwa ɗakin sa ido sun rage wa jami'an kansu shan radiyeshan, kuma ina maraba da su. Amma wani ne zai zaɓi inda za a kafa kyamarar, kuma ba ta nuna abin da ke bayanta.

Ban goyi bayan ɗaure ma'aikaci da yarjejeniyar da za ta hana shi tafiya ba. Wanda aka riƙe da ƙarfi ba zai yi aikin da ke bukatar zuciya ba. A ba shi dalilin zama. A buɗe masa matakan girma a cikin sashensa, ta yadda wanda ya shekara ashirin yana awo zai samu albashi da martabar da ba za su sa ya ji ya yi asarar rayuwarsa ba. Shugaban sashen ya kasance yana kai magana kai tsaye ga shugaban tasha, kada a sa shi ƙarƙashin wanda aka ɗora wa alhakin gama garambawul a kan lokaci, domin ba a haɗa mai tsayar da aiki da mai gaggawar aiki a ce ɗaya ya yi wa ɗaya hukunci. Ranar da ƙaramin jami'i ya dakatar da aiki, ko da daga baya an ga ba komai, shugaba ya fito a gaban kowa ya ce ya yi daidai. Sauran suna kallo, kuma daga abin da suka gani ranar ne za su yanke shawarar ko za su yi magana gobe, ko ma za su zauna. A ɗauki magaji shekara biyu kafin dattijo ya yi ritaya, a biya albashi biyu a kujera ɗaya, su yi garambawul ɗaya aƙalla kafaɗa da kafaɗa. Kuɗin bai kai asarar 'yan kwanaki na tukunya a kashe ba. Su kuma 'yan kwangila, a ba su yarjejeniyar shekaru da ke dawo da su tasha ɗaya, kada albashin mutum ya tsaya don ya kusa iyakarsa.

Ga hukumomin sa ido kuma, ƙirga kawuna bai isa ba. Tasha na iya nuna cewa duk kujerun sashen a cike suke, alhali rabin masu zama a kansu ba su taɓa ganin cikin ginin tukunyar a buɗe ba. Tambayar da ya kamata a riƙa yi ita ce: a dutin daren Asabar, shekara nawa wanda ya fi kowa daɗewa ya yi a wannan tashar, mutum nawa suka tafi bara, kuma me suka ce ya kore su? A wallafa amsar tare da alƙaluman radiyeshan na shekara.

Lokaci kuma ba ya jira. A taron sauyin yanayi na Dubai a Disambar 2023, ƙasashe fiye da 20 sun yi alkawarin ninka ƙarfin nukiliyar duniya sau uku kafin 2050. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kammala tukwane huɗu a Barakah, Masar na gini a El Dabaa, Turkiyya a Akkuyu, Bangladesh a Rooppur. Kowace sabuwar tasha tana bukatar gogaggun jami'an kariya tun kafin makamashin farko ya iso, kuma babu inda za ta same su sai a tashoshin da ke aiki yanzu, masu tukwane sama da 400, inda da ma ba su isa ba. Mai kuɗi zai saye na marar kuɗi, tsohuwar tashar da ta fi tara datti a bututunta ita za a bari da sabbin hannu. Ƙasar da ke shirin gina tasharta ta farko, tun ranar da aka fara haƙa harsashi ya kamata ta tura matasanta su zauna a tashoshin da ke aiki, su yi garambawul biyu ko uku a ƙarƙashin waɗanda suka san aikin, kuma ta tanadi albashin da zai dawo da su gida.